Katakon Tressa Mai Ƙafa Tara

Shekara talatin da huɗu ina sayar da shayi da burodin nama a rumfar da ke jingine da shagon Perran Angove. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma na falanki ne marar kauri, ko atishawa ya yi sai na ce masa sannu. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na tsinta ba.

Perran masassaƙin katakon hawan igiyar ruwa ne. Har yau katako muke ce masa a garinmu, ko da yake an daɗe da daina yinsa da itace, da farin soso mai tauri ake yi, a lulluɓe shi da ƙaro mai sheƙi. Ubansa, tsoho Angove, kafinta ne, shi ke yi wa ƙauyukan wannan gefen na Cornwall akwatin gawa. In bazara ta zo, mace-mace suka yi sauƙi, sai ya yanyanka ragowar falankan ya sayar wa baƙi, su kwanta a kai ruwa ya turo su gaɓa. Tsohon bai taɓa shiga gidan makoki da tef ɗin awo ba, yana ganin cin fuska ne ga masu kuka. Tun mutum yana raye ya riga ya auna shi da ido, a coci ko a layin sayen kifi, ya ajiye lissafin a kansa. Perran a gefen bencin nan ya tashi, kuma idon nan shi ne babban abin da ya gada. Har tsiya ake yi masa, wai in Perran ya tsura maka ido, to ko ruwa ko rami.

Sabon shiga duk halinsu ɗaya. Da ya shigo shago sai idonsa ya tafi kan ɗan siririn katako mai tsinin baki da ke rataye a bango, irin wanda ya ga gwanaye suna hawa a talabijin. Perran ba ya tambayar tsawo, ba ya tambayar nauyi. Yakan ce mutum yana ƙara wa kansa inci biyu, ya rage wa kansa kilo biyar, kuma ba ya ma sanin ƙarya yake yi. Abin da yake yi shi ne ya zare fensir daga bayan kunnensa ya sake shi ƙasa, kamar kuskure. Baƙo zai sunkuya ya ɗauko masa. To a wannan sunkuyawa da miƙewar ya gama ganin komai, gwiwa da ƙugu da ciki da numfashi. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Na tuna wani saurayi ɗan Landan, da tabarau a tsakiyar ka.

"Maigida, wancan jan nawa ne?"

"Ba naka ba ne."

"Ina da kuɗinsa fa."

"Na ga alama. Ka taɓa hawa?"

"Sau biyu, a Sifen."

"Ka tsaya ko ka faɗo?"

Fensir ya faɗi, saurayi ya ɗauko.

"Ƙafa takwas da rabi," in ji Perran. "Mai faɗi, mai kauri. Ga shi can a bayanka."

"Haba maigida, wannan ai ƙofar gareji ce. Hannuna ma ba ya zagaye shi. Ta yaya zan kai shi bakin ruwa?"

"Ba ka da aboki ne? Ya kama maka baya. Katakon farko ba a ɗaukarsa mutum ɗaya."

Dalilinsa ba wani abu ba ne mai zurfi. Ƙaramin katako nitsewa yake yi a ƙarƙashin wanda bai iya ba, igiyar ruwa ta wuce ta bar shi yana fafutuka, in ma ta ɗauke shi to da ya ɗaga ƙirji ya kife. Babba kuwa yana ɗauke ka, yana yafe maka kuskure, ya ba ka lokacin da za ka nemo ƙafarka. Da yawa sun fita da fushi sun je manyan shagunan cikin gari, inda za a sayar maka da duk abin da ka nuna. Bayan mako biyu sai ka gan su sun dawo da ɗan katakonsu a hammata, kai a sunkuye. Perran bai taɓa ce wa kowa ai na faɗa maka ba. Ni ke faɗa a madadinsa, in sun zo shan shayi.

Mutumin nan ya auna dubban mutane, kuma sau ɗaya na san ya yi kuskure.

Shi da matarsa Loveday 'ya ɗaya Allah ya ba su, Tressa. Tun tana ƙarama take fama da ciwon kunne, likita ya hana ta shiga ruwan sanyi. Haka ta tashi a bakin teku tana kallon 'ya'yan wasu suna yi, ita tana zaune a kusurwar shago tana aikin makaranta. Sai da ta kai shekara goma sha ɗaya kunnen ya warke aka ba ta izini. Duk garin ya ɗauka za ta zama gwana, ni ma a ciki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka muke ta faɗa a gabanta, tana ji.

Perran ya kwashe hunturu guda yana sassaƙa mata katako. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan wannan ba, kafinsa ko bayansa. Kore ne, siriri, ƙafa biyar da inci shida, da sunanta a rubuce a ƙarƙashin ƙaron. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta saka rigar roba, ta ɗauke shi a hammata ita kaɗai, don ba shi da nauyi, ta gangara cikin yashi. Mu kuwa muka jeru a jikin shingen ƙarfen da ke saman gaɓa kamar masu jiran fareti. Perran yana ƙofar shago, hannu a harɗe a ƙirji.

Ta faɗo. Ta koma, ta sake faɗowa. Washegari ma haka. Bazarar nan gaba ɗaya yarinyar nan ba ta tsaya a kan katakon nan ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya yi mata dariya, kuma ina ganin da an yi da ya fi mata sauƙi, don shirun da muke yi in ta hauro ya fi dariya ciwo. Kullum in ta zo leɓe ya yi shuɗi don sanyi, sai in miƙa mata shayi in ce, "Gobe za ki tsaya, jinin Angove ne a jikinki." A lokacin ina ganin ƙarfafa mata gwiwa nake yi. Yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ƙarshen watan Agusta ta jingine katakon a tsakanin rumfata da shago, ta zauna, ta ce, "Goggo Wenna, ruwa ba ya so na." Ba ta ƙara shiga ba.

Kowa ya san inda matsalar take. Duk wanda ya taɓa hawan ruwa ya kalli yarinyar ya kalli katakon ya san ya yi mata kaɗan. Amma wa zai je ya ce wa Perran Angove bai iya awo ba? Ni na gwada sau ɗaya, ina share gaban rumfa.

"Perran, katakon nan bai yi wa yarinyar nan ƙanƙanta ba kuwa?"

"Ki kula da tukunyarki, Wenna."

Mako uku bai sha shayina ba. Daga baya in an tambaye shi sai ya ce ai uwarta ta ɗauko, ba ta son jiƙa. Wannan ma a kunnenta yake faɗa, kuma bai san yana yanka ta ba.

Tana cika shekara goma sha takwas ta tafi Coventry karatu, ta zauna can tana koyar da lissafi. Na duba taswira, da wuya ka sami garin da ya fi shi nisa da teku a ƙasar nan. Ba faɗa suka yi da ubanta ba, ba wanda ya ɗaga murya. Takan zo Kirsimeti ta kwana biyu ta koma. Lokacin da Loveday ke raye, Allah ya jiƙanta, ita ce ke riƙe da zaren, takan yi awa guda a waya da 'yarta sannan ta ba shi labari. Da ta rasu sai wayar Lahadi ta koma minti uku: ya sanyi, ka sha magani, to sai wani makon. In ya ajiye wayar yakan zagayo rumfata ya zauna, ya sayi burodi ya bar shi ya huce a gabansa. Abin da mutumin nan yake so a duniya bai wuce 'yarsa ta zo ta wuce kwana biyu ba, ta zauna su yi hira kamar mutane. Bai san hanyar ba, kuma bai san abin da ya toshe ta ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, wani lokaci duka a zama ɗaya.

Bara huhunsa ya gaza. Ƙurar soso ta shekara hamsin ba ta tafiya a banza. Likita ya ce ya rufe shago in yana son ya ga wata bazarar. Yana da shekara saba'in da ɗaya, Tressa kuma talatin da tara. Da aka yi hutun makaranta ta zo da 'yar jaka, ta ce mako guda za ta yi, ta taya shi kwashe kaya a sayar da abin sayarwa. Na san in makon nan ya ƙare aka kulle ƙofar, ba sauran abin da zai riƙa kawo ta sai jana'iza.

Kwana biyun farko ta cikin bango ba abin da nake ji sai "wannan a zubar?" da "a'a, ajiye." Rana ta uku da hantsi na ji an ja tsani, sannan na ji shiru mai tsawo. Ni ba gulma nake ba, amma na ga lokacin shayi ya yi, sai na zuba kofi biyu na zagaya. Na tarar ta sauko da koren katakon daga saman rufi, ta kwantar da shi a kan benci tana goge ƙurar da tafin hannu. Sunanta na nan kamar jiya aka rubuta.

"Baba, ƙafa nawa ne wannan?"

"Biyar da inci shida."

"Da a ce wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta shigo nan yau, ba ta taɓa hawa ba, nawa za ka ce mata?"

Ya dubi katakon, ya dubi ƙasa. Perran yana da laifuffukansa, amma ba ya ƙarya a kan awo.

"Bakwai da rabi. Ko takwas."

"Na ji ka faɗa wa baƙi haka ya fi sau dubu, ina zaune a kusurwar can. Amma ban haɗa lissafin ba sai da na kai shekara talatin, ina malamar lissafi fa. Duk tsawon nan ina ganin ni ce ba ni da amfani." Muryarta ba ta tashi ba. "Kowane ɗan yawon buɗe ido ka jefar masa da fensir, Baba. Ni me ya hana?"

Ya zauna a kan wani akwatin kayan aiki. Ya daɗe yana neman numfashi, har na zaci tarin ne zai taso.

"Idon da nake auna mutane da shi ba nawa ba ne," ya ce. "Na kakanki ne. A bencin akwatin gawa na koya. In na kalli mutum da shi, ba tsawon katakonsa kaɗai nake gani ba, ɗayan ma yana zuwa mini, ko ina so ko ba na so. Baƙo ba komai, gobe ya tafi. Uwarki ban taɓa kallonta da shi ba, shekara arba'in. Ke kuwa kina kwance da zazzaɓin kunne kina 'yar shekara uku, na rantse ba zan taɓa ɗora shi a kanki ba. Da na zo yin katakon ban kalle ki ba, 'yata. Da ka na yi shi."

Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, kuma na riga na yi shirun shekara ashirin da takwas.

"Da girman kai kuma, Perran. Faɗi duka. Kana so gari ya ga 'yarka a kan katakon gwanaye tun ranar farko."

Na ɗauka zai sake aika ni wurin tukunyata. Sai ya gyaɗa kai.

"Da girman kai kuma," ya ce.

"Mu ma da muka jeru a jikin ƙarfe muna da namu kason," na ce da ita. "Ni ce kan gaba. Ki yafe mini, Tressa."

"Ke dai Goggo shayinki ne ya cece ki," ta ce, ta ɗan yi murmushi. Sannan ta matsa kusa da ubanta, ta zare fensirin daga bayan kunnensa, ta koma tsakiyar shago ta sake shi ƙasa da kanta.

"To auna ni. Ba mutuwa zan yi don ka kalle ni ba."

"Tressa."

"Kalle ni, Baba."

Ta sunkuya ta ɗauko, ta miƙe. Gwiwarta ta yi ƙara har ni na ji. Perran ya ɗaga kai ya kalle ta, daga ƙafa har ka, irin kallon da ya yi wa duk duniya ban da ita. Ban san abin da ya gani ba, ban kuma tambaya ba. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya saba.

"Ƙafa tara," ya ce. "Faɗi inci ashirin da huɗu."

"Tara? Baba, wannan ai ƙofar coci ce."

"Gwiwarki ta hagu ba ta da kirki. Kuma burodin Wenna uku kika ci tun zuwanki."

"Huɗu," na ce.

Akwai sauran farin soso guda ɗaya dogo da ba a sayar ba. Ya ce aikin zai ci mako uku kafin ƙaro ya bushe ya yi ƙarfi. Ita kuma makonta ya ƙare, ta ce za ta dawo kafin a koma makaranta, ta hau bas ta tafi. Ba ta faɗi rana ba.

Mako ukun nan mun sha faɗa da shi. Likita ya hana shi ƙura, shi kuma ga shi cikinta tsamo-tsamo. Na ce ko ya ɗaura abin rufe hanci ya bar ƙofa a buɗe, ko in kira 'yarsa in tona masa asiri. Ya ce da ni uwar 'yan sa ido, na ce da shi tsohon banza mai taurin kai, ya ɗaura. Yana yin minti goma ya zauna ya huta ashirin. Da ya gama sai ya shiga wani sabon hali, duk lokacin da bas ɗin rana zai iso sai ya fito ƙofa wai yana duba yanayin iska. Kwana biyar yana duba iska. Ni kaina na fara tsoron ko maganar ta tsaya a shago ne, ta koma can ta ga ba ta da bukatar tono tsohon ciwo. Rana ta shida ta sauko daga bas, kuma jakar da ta riƙo ta fi ta farko girma.

Washegari da safe ruwa ya janye, igiyoyin ƙanana ne masu farin kumfa, daidai sabon shiga. Tsofaffin gwanayen gari, masu furfura yanzu, suka fara taruwa a jikin ƙarfe. Na fito da ludayi a hannu na ce duk wanda na gani a wurin nan yau, shi da shayina sai bayan Kirsimeti. Suka watse. Ni ma ban tsaya a can ba, ta tagar rumfa na leƙa.

Tressa ta fito cikin rigar roba ta haya. Katakon fari ne fat, ba ado, ba suna. Ta sunkuya za ta ɗauke shi a hammata, yatsunta suka kasa kaiwa ɗaya gefen. Ta gwada ta ɗora a ka, iska ta juya ta. Ta ajiye, ta juyo ta dubi ubanta da ke ƙofar shago.

"Baba, kama mini baya."

Ya warware hannunsa daga ƙirji ya zo ya kama.

Ranar farko ba ta tsaya ba. Shi yana cikin ruwa iya ƙugu, yana riƙe da wutsiyar katakon, in igiya ta zo ya tura. Rana ta biyu ta kai ga durƙusawa a kan gwiwa. Rana ta uku aka yi ruwan sama, suka zauna a rumfata suka yi gardama a kan wanda ya fi wani taurin kai. Rana ta huɗu ta miƙe. Ba wata tsayuwar a zo a gani ba ce, a duƙe take, ɗuwawu a baya, hannuwa a baje kamar mai shanya zane, amma katakon ya ɗauke ta bai yi gardama ba, ya kawo ta har inda ruwa ke iya idon sawu. Ta sauka da ƙafarta. Perran ba shi da huhun da zai yi ihu, hannu ɗaya kawai ya ɗaga. Ni na yi kuka a cikin rumfa, har burodi tire guda ya ƙone.

An rufe shagon a ƙarshen Satumba, yanzu wasu yara ne ke sayar da tabarau da hula a ciki. Katakon yana gidan Perran, a rataye a zaure, don ba ya shiga jirgin ƙasa. Duk hutun makaranta Tressa na nan, har da na hunturu, da ruwa ke yanka ƙashi.

Abin da na fi son gani shi ne haurowarsu in sun gama. Daga bakin ruwa zuwa saman gaɓa tafiyar minti biyar ce. Ita tana gaba da bakin katakon, shi yana baya da wutsiya. Duk taku ashirin sai numfashinsa ya ƙare ya tsaya, kuma tunda abu ɗaya suke riƙe da shi, in ya tsaya dole ita ma ta tsaya. Sai ta juyo su yi magana har ya huta. Yakan ɗauke su rabin awa kafin su iso wurina, shi ya sa ba na zuba musu shayi sai na ga sun taka matakalar ƙarshe.